Indararon Gabas

Zuwa ga uwargidana Hajara,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya aika wa wanda ya riga shi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Za su rushe ɗakin nan na bakin maƙabarta. Kin san shi, tsohon soron ƙasa mai azara da aka gina wa mai gadi tun zamanin Turawa, inda ake ajiye makara da diga da tukwanen rufe kabari. Jiya na tarar an zana masa jan fenti. Wai za a faɗaɗa hanya don manyan motoci su sami wurin juyawa zuwa ɗakunan ajiyar kaya na Bompai. Sun ce ba za su taɓa kabari ko ɗaya ba, ɗakin kawai.

Ranar da muka kai ki, Malam Ilu mai gadi ya kama hannuna ya tsayar da ni ƙarƙashin indararon gabas. Ya ce, "Nan za ka riƙa tsayawa, ka miƙa ido zuwa bututun hayaƙin masaƙarku. Tana kan layin, kusa da katanga." Ban kafa miki allo ba, don ke kika hana.

Damina ta kwantar da tudunki, an binne wasu a kewayenki. Masaƙar ta sallame mu, daga baya aka sayar da ita, aka sauke bututun. Bara Malam Ilu ya bi ki. Abin da ya rage mini indararon nan ne. In na jingina bayana a ƙarƙashinsa, fuskata da kanta take juyawa inda kike.

Na je ofishin masu aikin hanyar, na sa tsohuwar kwat ɗina, na yi musu Turancin da nake zuwa na ɗaya da shi a makaranta. Wani ma'aikaci, ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Baba, ai ɗaki ne, ba kabari ba." Iyakar abin da bokona ya saya mini ke nan a garin nan. Ba zan koma ba.

Kin tuna safiyar da na hargitsa gida ina neman tabarau, jiniyar masaƙa tana kuka, alhali yana bisa goshina? Kika yi dariya har kika zauna a kan turmi, kika ce, "Malam, wata rana ni ma sai ka manta inda ka ajiye ni."

Ban manta ba, Hajo. Ƙwace mini za a yi.

Juma'ar nan zan zo in tsaya a wurina. Daga ta sama, sun riga sun rushe shi, sai dai in yi sallama daga bakin titi, in yi wa kowa addu'a, ki ɗauki rabonki a ciki.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi. Shi da ba Ya buƙatar alama, Ya sada ni da ke.

Naki, mai mantuwar nan,
Malam Sule