Ƙullin Ƙasa Zuwa Dubai

Gembu, 3 ga Yuli

Zuwa ga Dikko,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Mahfuza. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da sanyi. Ka yi haƙuri da karkatattun layukana. Na fi son in rubuta in ɗauki hoton takardar in turo maka, don kada karatun da na koya da furfura ya gudu ya bar ni.

Na gane bayaninka game da shukar nan da ake kira kiwi, mai jure sanyi, 'ya'yanta ƙanana kamar inabi, ana ci har ɓawo. Amma wane irin iri ne wannan, da sai ya yi wata uku a firji cikin jiƙaƙƙen yashi kafin ya farka? Ka kuma ce akwai namiji akwai mace kamar gwanda. To, na riga na kafa rumfar da zai hau a bayan ɗakin marigayi babanka, inda sanyi ya fi sauka.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mu a wajenmu ba a tayar da iri a baƙuwar ƙasa. Saboda haka na ɗebi ƙasar lambun babanka, na gauraya da toka, na ƙulle a farin ƙyalle, na ba Alhaji Ɗalhatu da zai zo saro kaya. Ka barbaɗa a kan yashin, irin ya san gidansu tun yanzu.

Kada ka riƙa fita da tsakar rana, an ce zafin garin yana kayar da mutum. Allah ya tsare.

Innarka, Hadijatu

Muraƙƙabat, Dubai, 9 ga Yuli

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kin tashi lafiya. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

An tsare ƙullin a filin jirgi. Alhaji ya ce shi ɗan aike ne, jami'an wurin suka sallame shi tunda akwai suna da lambar waya a jikin ƙyallen. Jiya da hantsi aka kira maigidan yana ofishinsu a Port Saeed, ya bar shayinsa a tebur ya tafi. Har yanzu wayarsa a kashe take.

Matan da muke gida ɗaya sun ce nan ba a wasa da ƙulli. In aka ɗauka na tsafi ne ko na ƙwaya, shi ke nan, ko ɗauri ko kora. Inna, don Allah me ke ciki? Ga kuma robar irin nan a firji, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi cikin yashi. In aka zo bincike wa zai yarda da ni? Ina tunanin zubarwa.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki, Mahfuza

Gembu, 9 ga Yuli

Mahfuza 'yata,

Ina amsa gaisuwarki. Ki karanta a hankali.

Ƙasa ce da tokar murhuna da 'yar takarda, wallahi babu na huɗu. Sunan kuwa ni na rubuta. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, kin san ɗan fari ne. Ranar nan na ce a raina, baki ne ke da kunya, alƙalami ba ruwansa. Na buɗe hoton fasfonsa na kwafa harafi bayan harafi, har na zauna ina kallon yadda ya fito da kyau. Ashe hannuna ne zai nuna musu ƙofarsa.

Kada ki zubar da irin. Mai zubarwa kamar ya amsa laifi ne. Ki bar shi inda yake, da takardar sayensa a kusa.

Ki nemi Alhaji ku je tare. A tsakiyar ƙasar na cusa 'yar takarda a naɗe. Ki ce su tona su karanta, in babu mai jin Hausa a nemo. In kuma mai laifi suke so, ki ba su sunana, tsohuwa ce a Gembu, ba inda za ta gudu.

Ina kan tabarmar salla, wayar na gefena. Ko me kika ji ki faɗa mini, kada ki tace.

Innarku

Muraƙƙabat, 12 ga Yuli

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne da kaina, ina gida, na ci tuwo.

Kwana huɗu na yi a hannun jami'an. Ba wanda ya taɓa ni, amma ban san inda maganar za ta tsaya ba. Sun gwada ƙasar, sun tono takardarki, aka kawo wani Bakano ya fassara: "Ƙasar lambun babanka ce, ka ba kiwi ya sansana." Jami'in ya sa aka maimaita masa sau uku, sannan ya tambaye ni ko a garinmu iri yana da hanci. Na sa hannu a takardar gargaɗi, suka sake ni. Aikina yana nan.

Irin ma yana nan a firji, saura wata biyu. Ba zan taho da shi ba sai na samu takardar izini. Ki kuma sani, ba a gane namiji da mace sai sun yi fure, shekaru ke nan.

Ƙasar sun riƙe, ƙyallen sun ba ni. Zainul Abideen, babu kuskure ko ɗaya. Ashe kin san sunana, Inna. Na ninke shi na sa a cikin fasfona.

Ɗanki, Dikko

Gembu, 12 ga Yuli

Dikko,

Alhamdu lillahi. Na gaishe ka, na gaishe da Mahfuza.

Ka fitar da ƙyallen nan daga fasfo yau ɗin nan, kafin ka manta ka shiga filin jirgi da shi.

Na shuka wake a gindin rumfar, ya riƙe wa kiwi wuri. In izinin ya fito, ka taho da irin. In bai fito ba, ka taho haka nan, aljihu a kaɗe.

Sunan kuwa, sau ɗaya na rubuta, ya ishe ni.

Allah ya kawo ku lafiya.

Innarka