Ka Zo Ka Nuna Inda Nsofwa Take

Zuwa ga Yaya Kangwa, a Kitwe.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Allah ya ci gaba da fito da kai daga ramin ma'adinan nan lami lafiya. Ni ce Mubanga. Malamar makaranta ce ke rubutawa ina faɗa, in ka ga magana a hargitse, bakina ne, ba alƙalaminta ba. Mama na nan, sai ciwon gwiwar nan. Jaririna Kabaso ya fara rarrafe.

Yaya, tsoro ne ya sa na aiko. Mutanen gwamnati sun zo daga Lusaka da wata ƙatuwar takarda mai launi-launi, wai an tsara ƙasar duka: nan gidaje, nan daji, nan manyan gonaki. Gonar Baba ta hayin rafi, wadda muka sare rassa muka ƙona muka ci tamba, muka bar ta ta huta shekara huɗu, wai hoton da aka ɗauka daga jirgin sama ya nuna ba kowa a wurin. An miƙa gonar ga masu tarakta. Mai gari ya ce abin daga sama ne, shi ma ɗan kallo ne. Tsoho Chisanga ya tambaye su ko jirgin ya leƙa cikinmu ya ga tuwon da muka ci. Aka yi dariya, ban da ni.

Ka san 'yata Nsofwa tana can. Kwana tara ta yi a duniya. Shugabar mutanen gwamnatin, wata mai tabarau, ba muguwa ba ce, ta ce duk kabarin da aka nuna za su kewaye shi, tarakta ba za ta taɓa ba. Ta ce in kai ta. Yaya, ni ban san inda kabarin yake ba. Ka san a al'adarmu uwa ba ta bin gawar jaririnta, kuma ba a sa alama. Kaka da ta ɗauke ta ta rasu, maigidana lokacin yana tafki wurin kamun kifi. Saura kai da ka haƙa kabarin.

Jiya na goya Kabaso na zaga wurin. Daji ya rufe, kowace bishiya kamar 'yar'uwarta. Ina ɗaga ƙafa ina tsoron ko kanta zan taka.

Litinin ta sama za su dawo, daga ranar shi ke nan. Na san barin aiki ba wasa ba ne, amma zumunta a ƙafa take.

Ka gaishe da Anti Chomba, da Mwila da Katongo. Mama na sa maka albarka. Don Allah ka zo ka nuna musu, in tsaya a bayanka, ni ma in sani.

Ƙanwarka,
Mubanga