Ni Ne Akwatin da 'Yata Ta Ƙera

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Wanda zai zage ni kuma ya daure ya kai ƙarshe tukuna, ba gudu zan yi ba, gwiwoyin sun ƙi.

Ni babban mai ilimi ne. Na yi firamare har aji uku, aji biyu ma sai da na maimaita shi saboda ƙaunar da malamin yake mini. A ƙauyen Durumi aka haife ni, inda sabon babban birnin ƙasa ya zo ya same mu. Gonar ubana titi ya bi ta kanta, ni kuma aka ba ni kula da tankin ruwa na gidajen ma'aikatan da ake ta kwasowa daga Legas. Ruwa ya yi ƙasa in buɗe bawul, wato makunnin bututu, ya cika in rufe. Shi ke nan aikin.

'Yata ce ta yi karatun da ban yi ba. Tana digiri na biyu, bincikenta a kan yadda inji zai riƙa kula da kansa ba sai mutum ya tsaya a kansa ba. Ta haɗa wani akwati mai wayoyi, shi zai ji ruwa ya ragu ko ya ƙaru, ya buɗe ya rufe da kansa. Wato dai ta ƙera ubanta da ƙarfe. Oga ya yarda a gwada shi a tankina. Akwai allura a jikinsa mai zana layi a takarda, in layin ya miƙe akwati na aiki, in yana hawa da sauka akwai gyara. Ranar da za ta koma jami'a ta ce, "Baba, ko ka ga ruwan yana wasa, kada ka taɓa komai. Bar shi ya yi kuskure, da kuskuren nake gyara shi." Na ce, "An gama, ranki ya daɗe Injiniya."

Ba a gama ba. Washegari da safe mutanen Legas suka buɗe famfunansu gaba ɗaya, allura ta kama rawa, sama, ƙasa, sama. Na tsaya ina kallo. Wane uba ne zai ga aikin 'yarsa na tangaɗi ya naɗe hannu? Akwai tsohon bawul na hannu a bayan tanki, na zagaya na ɗan murɗa shi, layi ya miƙe. Kashegari ma haka. Damina ta zo ta wuce, ni ne akwatin. Ba ina cewa ba zai iya ba, wataƙila da na yi haƙuri da ya daidaita kansa. Ban taɓa barinsa ya gwada ba, don haka ban sani ba, ita ma ba ta sani ba.

Da ta zo kwasar takardun ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Baba, ko malamina na san bai taɓa ganin layi mai kyau haka ba. Ba ka taɓa komai ba ko?" Na ce, "Ni? Da wane ilimin?" Ta yi dariya har da dafa kafaɗata. Ta koma ta rubuta littafi guda a kan layin da hannuna ya zana.

Ya kamata in ji kunya ta hana ni cin abinci. Ina ci. Ina zuwa aiki, ina murɗawa, ina komawa gida. Zuciyar ta yi kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an mintsina ba na ji. Haka na yi ranar da katafila ta shiga gonarmu, haka na yi da uwar yarinyar ta rasu. Shin wannan ma ciwo ne, ko tsufa ne kawai?

Mako mai zuwa malamanta za su zo su ga akwatin da idonsu, daga nan su yanke ko ta ci ko ta faɗi. Da safe za su zo, daidai lokacin da ake buɗe famfuna. Ta ɗinko mini sabon kaftani, ta ce, "Ranar ba za ka yi aikin komai ba, Baba. Kujerarka a gaba, kusa da malamina."

Daga kujerar nan hannuna ba ya kai bayan tanki.

In gaya mata yanzu ta yaga littafin? In ce cikina ya murɗa in zagaya baya? Ko in sa kaftanin in zauna, mu ga abin da akwatin zai yi karon farko tare da kowa?

Jama'a, me zan yi?