Ƙafar Wando ta Hagu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya hawan jinin nan naki?

Wata biyu ke nan da yi wa Baban 'Yanbiyu aikin jijiyar gwiwa. Ɗinki ya warke, tafiya ce ta ƙi. Yana taka ƙafar hagu a lanƙwashe, yana karkacewa kamar mai ɗauke da bokitin ruwa. Wurin aikinsu sun ce in bai hau tsani nan da wata biyar ba, ya bar gyaran wayar lantarki, ya koma gadin ƙofa. Kin san halinsa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Yaya, da laifina a ciki. Tun da aka sallamo shi nake cusa masa matashi ƙarƙashin gwiwa don ya ji daɗin kwanciya. Likitar gashin ƙashi ta ce ƙarƙashin diddige ake sa shi, ni kuwa na hana gwiwar miƙewa, naman cinya ya ƙara kwanciya. Na auna da tef ɗin ɗinkina, hagu ta gaza dama da inci biyu. Sai na rage faɗin ƙafar hagu ta wandon aikinsa a ɓoye, kada ya gan ta tana lilo.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an canja miki magani, Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki. Mutumin da ko kofi ba ya ɗaukewa daga inda ya sha, wata biyar bai tsallake motsa ƙafa ba. Ya danna gwiwa ƙasa, ya ɗaga ƙafa a miƙe, ya tashi daga kujera ba dafawa. Saukowa daga bene ce ta fi ba shi wuya, cinyar tana rawa, ni ina ƙasa ina kallonsa. Yanzu diddige yake fara ajiyewa, takunsa biyu sun zama daidai. Ko ina kan keken ɗinki nakan tsayar da shi in saurara.

Shekaranjiya ya hau tsaninsu har ƙarshe, ya sauko bai riƙe kowa ba. An mayar masa da bel ɗinsa da kwalkwalinsa. Wallahi ina alfahari da mutumin nan.

Da ya zo sa wandon aiki, ƙafar hagu ta tsaya a cinya. Ya yi ta mita wai wanki ya tsuke shi. Na ɗauki reza na farke ɗinkina, kuma tun da na koyi sana'ar nan ban taɓa jin daɗin farke aikina ba sai ranar.

A gaishe min da yara.

Ƙanwarki,
Auta