Ƙotar Bindigar Ilu

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahama. Na san ba mai kai maka takardar nan, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Bana ma ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Mun sayar da jakin a kasuwar Ɗanbatta. Inna tana nan, sai dai ta rage magana.

Ka tuna ƙotar bindigar da ka fara sassaƙa wa Ilu maharbi? Ka fitar da siffarta da gizago, ka rataye ta a rumfa ta bushe, sai ciwo ya kwantar da kai. Bayan sadakar arba'in ɗinka ya zo da ƙarfen bindigar. Ya ce dajin kudu zai shiga, ko ya samo wa yaransa abin sawa a baki. Na ce zan ƙarasa. Kunya ce ta sa na faɗa, Baba, ba iyawa ba.

Kwana uku ina kankare ta da fasasshiyar kwalba, yadda nake hango ka kana yi. Na shafa man kaɗanya, na shanya a rana, ta shanye, na ƙara. Ta yi jawur, tana sheƙi. Ashe kwarmin da ƙarfe zai kwanta ake fara yi. Wa zai gaya mini? Ina saka kurfi in sassaƙe kwarmin, ta tsage har gindi.

Na bi gonaki har wajen Gezawa ina neman itacen ƙirya in sassaƙa wata ƙotar. An sare duka an yi gawayi.

Sau nawa ka kira ni in zauna kusa da kai, na ce ina da dako a Dawanau? Har na taɓa ce wa abokaina sassaƙa sana'ar wahala ce. Na san ka ji. Me ya sa ba ka ce komai ba?

Ilu bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙarfensa, ya yi maka addu'a, ya tafi. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Shekaranjiya aka binne ƙaramar 'yarsa. Kowa da ajalinsa, na sani. Amma a sahun baya na tsaya, na kasa miƙa masa hannu.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya haskaka makwancinka.

Ɗanka da bai zauna ya koya ba,
Sani