Maraƙar da Muka Yi wa Wanka a Baho

Zuwa ga mahaifina, Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da addu'a, daga 'yarka da ke London.

Baffa, ka taɓa ganin kunnen maraƙi ya ƙanƙare? Ni dai sai makon jiya. Ka san aikina a asibitin dabbobi na unguwar Peckham bai wuce karnuka da kyanwoyi ba, abin da ka rasu kana yi mini dariya a kai. To, da safe aka kira mu wata ƙaramar gona a bakin gari. Saniya ta haihu a waje cikin ƙanƙara.

Na tarar da maraƙar kwance, ko rawar sanyi ta daina. Na sa yatsa a bakinta, sanyi ƙalau, babu tsotso.

Hannuna har ya kai ga buhu, don na tuna yadda kake murje jariran garkenka. Amma naman da ya ƙanƙare ba a murza shi, ba a kai shi bakin wuta, lalacewa yake yi. Ruwan ɗumi ake sa shi. Ni da tsohuwar Baturiya mai gonar muka kinkimi maraƙar zuwa bahon wankan gidan, muka sa ta cikin ruwan ɗumi, ina tallafe da kanta. Da ka gani, me za ka ce? Sai da ta motsa muka tsane ta, muka ɗura mata dakashi, nonon farko na uwarta.

Sai ga wata sabuwa: uwar ta shinshina ta, ta kau da kai. Mun wanke mata warin da za ta gane ta.

Nan na ji muryarka: "Saniya da harshe take sanin ɗanta." Na nemi gishiri in barbaɗa wa maraƙar don uwar ta lasa. Ashe tsohuwar ta riga ni, ga ta tafe da dusa a hannu, wai haka kakanta yake yi. Wa ya koya wa wani, Baffa? Har yanzu abin na ɗaure mini kai.

Muka barbaɗa wa maraƙar dusar a baya. Uwar ta yi jim, sannan ta fara lasa.

Bakin kunne ɗaya zai guntule, amma ta rayu. A jirgin ƙasa na komawa na ciro waya don in ba ka labari, har na nemo sunanka. Na yi kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka.

'Yarka,
Hajara