Ƙorafi a kan Tambayoyin da Suka Fita Baranda

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantancewa,
Gidauniyar Tallafa wa Ɗalibai Masu Hazaƙa.

Daga:
Yayar ɗaliba mai lamba 0417.

9 ga Satumba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA GUDANAR DA GANAWAR BAKI TA RANAR 28 GA AGUSTA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da koke a madadin ƙanwata, wadda muke kira Auta. Ni ba mai yawan magana ba ce. Na zo ofishinku da niyyar faɗa da baki, na tsaya gaban teburin sakatare, na gaishe shi, na juyo. Shi ya sa na rubuto.

1. A jarrabawar rubutu ta ranar 17 ga Agusta, Auta ce ta zo ta ɗaya, kamar yadda kuka liƙa a allon sanarwa. Gurbin tallafin guda biyu ne, kuma an shaida mana cewa makin rubutu da na ganawa za a haɗa.

2. Ranar ganawa na raka ta. An zaunar da ɗalibai a kan bencuna a baranda, kowa da wayarsa a hannu. Masinja ya sanar cewa tsarin kwamiti shi ne a fara da wanda ya fi maki, don karrama shi. Har ya tsokane ta: “Taso, sarauniya, ke za ki buɗe mana kasuwa.” Aka yi dariya. Ni ma na ji daɗi a lokacin.

3. Ɗakin ganawar ƙofa ɗaya gare shi. Wanda ya gama, ta cikin masu jira yake ratsawa. Auta na fitowa, wani malamin lesin da ya kawo ɗalibansa ya tare ta da fara'a, yana “'yata, 'yata, me suka tambaye ki?” Ta faɗa masa duka ukun. Har da wadda ta kakare a kai, ta yadda ƙoda ke tace jini, ta ce su kula da ita don tana da wuya.

4. Ina zaune a ƙarshen benci, kusa da randar ruwa, na ga abin da ya biyo baya. Malamin ya ja ɗalibansa bayan matakala. Kawuna suka haɗu a kan waya ɗaya. Wani yaro mai farar riga yana ta zagaye yana maimaita amsa, yana ƙirga gaɓoɓinta da yatsu. Wanda ya shiga na biyu ya fito ya ɗaga musu babban yatsa, alamar ba a canja komai ba. Haka aka yi har la'asar, tambayoyin nan uku dai, kuma duk wanda ya fito sai an ƙara gyara amsa. Masinja yana gani. Cewa ya yi shi aikinsa kiran lamba.

5. A sakamakon ranar 4 ga Satumba, Auta ta koma ta biyar. Biyun da aka zaɓa suna cikin na ƙarshen shiga. Ba na zargin yaran nan da komai, Ranka ya daɗe, ruwa ne ya zo ƙofarsu suka tara. Amma karramawar da aka yi wa ƙanwata ita ce ta kayar da ita, kuma ita kaɗai ce aka gwada da gaske a ranar.

6. Jami'a ta ba ta gurbin karatun likita, za a rufe rajista ranar 20 ga wannan wata. Mahaifinmu direba ne da ya ajiye aiki, ni kuma koyarwa nake a firamare. In babu tallafin nan, gurbin ya tafi. Akwatinta na tafiya jami'a na nan a bakin ƙofar ɗakinmu tun makon jarrabawa. Mama ta ɗauke ta sa ƙarƙashin gado, Auta ta jawo ta mayar. Yanzu ba mai taɓa shi, tsallake shi muke yi. Ba ta kuka. Shara take yi, ta share inda ta riga ta share.

Saboda haka nake roƙo, cikin ladabi, da a dakatar da wannan sakamako, a sake ganawar kafin ranar 20, a tara ɗalibai a ɗaki guda ba waya, wanda ya gama kuma ya fita ta wata hanya. In aka yi haka Auta ta sake zuwa ta biyar, ni da kaina zan kwashe kayan akwatin, ba za ku ƙara jin bakina ba.

Na tambaye ta dalilin da ya sa ta faɗa wa mutumin. Ta ce babba ne ya tambaye ta, kuma ba wanda ya ce mata sirri ne. Idan sirri ne, me ya hana kwamiti ya gaya mata? Idan ba sirri ba ne, mene ne aka auna a ɗakin nan? Ina roƙon Mai Girma ya ba ni amsar da zan kai mata.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Mai jiran amsarku cikin biyayya,
(sa hannu)
Yayar ɗaliba mai lamba 0417